Hanjin Ɗan Rago a Hammatar Kaka

A shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, na yi wata wauta wadda har yau in na bi ta layin mahauta a kasuwar Filinge sai wani ya ɗaga murya ya ce, “Hamisu, a sa yaji?” Malamarmu ta ilimin halittu, Madam Ramatu, ta ce tana son hanjin kaza da hanjin tunkiya don wani gwaji da za mu yi washegari, wa zai kawo? Na ɗaga hannu kafin ta rufe baki. Ba son ilimi ya sa ni ba, na dai lura duk wanda aka aika kasuwa da safe ba ya zaman darasin lissafi. Na je wurin wani mahauci abokin Baba na karɓo hanjin a leda, ina tafe ƙudajen ƙasarmu ta Kurfai kaf suna yi mini rakiya kamar ango. Sai na yi tunani, wannan mata baƙuwa ce daga wajen Doso, yaya ɗan gari zai miƙa wa baƙuwa ɗanyen hanji jina-jina? Na ratse wurin mai balangu na ce ya gyara mini shi. Ya gasa, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa a kai, ya naɗe a takardar siminti. Rabin na tunkiyar bai iso lakwal, makarantar tamu, ba, don na riƙa ɗanɗanawa a hanya in tabbatar ba zai cutar da kowa ba.

Madam ta buɗe takardar a kan tebur, ƙamshi ya cika ajin. Ta daɗe tana kallo.

“Hamisu, mene ne wannan?”

“Hanji ne, Madam. Na gyara shi.”

“Ka kashe abin da muke nema, ka kuma yanka masa albasa.”

Ajin ya yi dariyar da sai da shugaban lakwal ya leƙo ya ga ko rufi ne ya faɗo. Da aka natsu ta yi mana bayani. Sukarin da muke sha a shayi, in ji ta, abu biyu ne a ɗaure, kuma jiki ba ya iya ɗaukarsa sai an raba su. A jikin bangon ƙaramin hanji akwai wasu abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu anzim, aikinsu ke nan, kamar ƴan wuƙaƙe. Kowace wuƙa abinta daban take yanka: ta sukarin shayi ba ta taɓa sukarin da ke cikin nono, ta nono ba ta taɓa na shayi. Wuta kuwa tana lalata su duka. Wato ni na kawo mata wuƙaƙen da aka narkar.

Washegari na koma kasuwa da tarmos cike da ƙanƙara, na tsaya a kan mahaucin har ya ciro hanjin da ɗuminsa na jefa ciki. Labo ɗinmu, wato ɗakin gwaji, kabad ne guda a bayan aji, wanda ƙadangarun cikinsa sun fi mu daɗewa a lise, ina jin wasunsu sun ci jarrabawar fita sun ƙi tafiya. Amma abin da ake bukata yana ciki. Madam ta tsaga hanjin a tsaye, ta wanke shi da ruwan gishiri mai sanyi har ya yi fes, ta sa gefen wani ɗan fallen gilashi ta kankare santsin da ke ciki. Aka daka santsin da ɗan ruwa a turmin tangaran, aka tace da auduga. Na kaza daban, na tunkiya daban. Aka zuba a ƴan kwalabe sirara kamar yatsa, aka ƙara ruwan sukari, aka toshe. Ta kuma yi kwalba guda ta ruwan sukari zalla, guda ta ruwan hanji zalla, da guda wadda ta tafasa ruwan hanjin kazar kafin ta zuba sukari, ta ce sunan wannan kwalbar Hamisu.

Saura ɗumi. Anzim ba ya aiki sosai sai a ɗumin jiki, mu kuwa ba mu da na’urar da ke riƙe ɗumi. Na ce a ajiye su a taga mana, ai ranar Filinge tana dafa ƙwai a cikin kaza. Ta ce shi ya sa ba za a ajiye ba. Akwai wuri guda da ɗuminsa ba ya hawa ba ya sauka, kuma ni zan ba da aronsa. Haka na zauna darasi guda cur da kwalabe a hammata, hannuwa manne da jiki, abokaina suna tambaya yaushe zan ƙyanƙyashe. Bayan nan ta ɗiga wa kowace kwalba wani ruwa shuɗi kamar bula, mai sunan wani Bature, ta riƙe su a kan wuta. Ruwan nan bai damu da sukarin da ke ɗaure ba, amma in ya tarar an raba shi sai ya juye ja. Kwalbar kaza ta yi ja kamar tofin goro. Ta sukari zalla, da ta hanji zalla, da mai sunana, suka tsaya shuɗaye. Ta tunkiya ma ta tsaya shuɗiya. Madam ta ce hanjin tunkiya ba shi da wuƙar sukarin shayi, haka Allah ya yi shi. Na rubuta, na manta, don a ganina ba abin da ya haɗa tunkiya da shayi.

Ina faɗa muku wannan duka ne, ƙannena Balki da Sale, don kuna ƙanana lokacin, kun taso kuna jin matan unguwa na cewa ni na sa Kaka kuka a tsakar gida a gaban baƙuwa. Kaka ba ta yi kuka ba. Ga yadda aka yi.

Kaka Hassu, mahaifiyar Baba, da tunkiya guda aka kawo ta gidan nan daga wani ƙauye na wajen Bonkuku, kyautar uwarta. Daga wannan tunkiyar ba ta taɓa sayen wata ba. Mazan da aka haifa sun tafi layya da suna, matan suna haifar mata, in fari ya cinye garken sai guda ta tsira ta sake tayar da shi. Kaka tana iya jero su uwa bayan uwa fiye da yadda take jero jikokinta. Mu takan kira mu da sunan juna, tumaki kuwa ba ta taɓa kuskure ba. A bazarar wannan shekarar mace guda ta rage mata, ta haifi tagwaye, namiji da mace. Ciyawa ta ƙare a daji, uwar ta riƙa kiwo a bayan kasuwa, ta cika cikinta da leda, ta kumbura, Baba ya sa mata wuƙa. Aka bar Kaka da marayu biyu masu ƙafafu kamar karan dawa. Macen ta sa mata suna Auta. In Auta ta tafi, abin da uwar Kaka ta ba ta ya ƙare.

Kaka ta ɗaura ɗamara. Ta sayo madarar gari da bibiro, kwalbar shayar da jarirai, ta shimfiɗa musu buhu a ƙofar ɗakinta. Da yake marayu ne, kuma a wurin Kaka maraya ba ya shan abu salam, sai ta riƙa jefa ƙwayar sukari a cikin madarar. Ba a daɗe ba zawo ya kama su. Nan fa aka zo fagen Kaka. Tun kafin a haife ni mutanen likita suka tara matan unguwa suka koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari don yaran da zawo ya kama, kuma duk cikinsu ba wadda ta riƙe abin kamar ita. Ko yanzu in yaro ya fara gudawa a unguwarmu, kafin a nemi mai babur ana neman Kaka. Akwai ƙartin da ke tuƙa mota zuwa Yamai yau waɗanda cokalinta ya tayar. Saboda haka ta rage madara, ta haɗa ruwanta, ta shiga ɗura wa ƴan tumakin. Zawo ya ƙaru, ta ƙara sukari. Ya sake ƙaruwa, ta sake ƙarawa. Har ya zama mu mutanen gida muna shan koko ba zaƙi, tumaki suna shan na sarauta.

Wannan ne ma ya sa na lura, ba tausayi ba. Wata safiya na je satar ƙwaya guda a gwangwaninta na tarar da ita zaune a kansa, ɗan ragon a cinyarta, idanunsa sun faɗa, bayansa duk ya lalace. Ina kallon ƙwayar sukari tana narkewa a cikin kwano sai kwalbar nan shuɗiya ta faɗo mini a rai.

“Kaka, sukarin nan ne ke kashe su.”

“Ji mijin banza. Ba ka kawo cefane ba, ka zo ka yi mini likita. Sukarin kake so, na gane ka.”

“Wallahi hanjin tunkiya ba shi da wuƙar yanka sukari. Mun gwada a lakwal.”

“Wuƙa cikin hanji? Kai ɗiyan zamani! To tsaya. Ragon layyar bara, wa ya lashe mini rabin kwali na sukari? Mi ya same shi? Ƙiba ya yi. Tashi ka ba ni wuri, mai gasa wa malamai hanji.”

Gaskiyarta, ragon ya sha sukarin a gabana, ni aka ma ɗora wa laifin. Na kai wa Madam maganar bayan an tashi. Ta daina haɗa takardunta ta saurare ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Kaka ta yi gaskiya a kan ragon: babbar dabba tana da tumbi, a cikinsa akwai ƙananan halittu da ke cinye sukari kafin ya kai hanji. Jariri kuwa tumbinsa bai fara aiki ba, abin da ya tsotsa wucewa yake yi kai tsaye. Sukarin da ba a yanka ba sai ya zauna a hanji yana jawo ruwan jiki, shi ne zawon. Ta ce a daina yau, a nemi nono zalla. Na nemi likitan dabbobi, aka ce ya fita rigakafi ƙauyuka. Na koma na faɗa wa Kaka abin da Madam ta ce, kalma bayan kalma.

“Madam ɗin nan ta taɓa kiwon ko ƙadangare?”

Na ce suna da su a kabad. Ta jefe ni da murfin kwano.

Ranar Asabar da hantsi ɗan ragon ya kasa ɗaga kai. Kaka ta kira Baba ta ce ya yanka shi kada ya tafi a banza, ta shige ɗaki don kada ta gani. Na riƙe wa Baba ƙafafu a bayan rumbu. Naman duka bai cika kwanon miya ba. Da ya ciro kayan ciki na ce ya ba ni ƙaramin hanjin, zan kira Madam ta gwada shi a nan gida, a gaban Kaka, tunda maganar baki ba ta shiga. Baba ya ci gaba da goge wuƙa a ƙasa bai dube ni ba.

“In ka yi gaskiya, mi ka samu? Tsohuwa ta san da hannunta ta kashe shi. Kana ganin abin wasa ne wanga?”

“Baba, macen tana nan da rai. Yanzu haka an haɗa mata wani kwanon.”

Baba bai taɓa musa wa Kaka ko a kan gishirin miya ba. Ya miƙe, ya ce shi zai je wanke hannu, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Ya bar kwanon kayan cikin a buɗe. Na yanke hanjin daga inda ya baro ciki, na ruga wurin mai ƙanƙara, daga nan na wuce gidan da Madam take haya. Na same ta tana wanki. Ta ce ba ta shiga gidan mutane ta ƙaryata tsofaffinsu. Na ce to ta zo gaisuwa kawai, in ya so kwalaben su rako ta. Ta dube ni irin duban da take yi mini in na ce akuya ta ci aikin gida, sannan ta ɗauraye hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da Kaka ta ji malamar jikanta za ta zo, sai ta sa aka kama zakaranta aka yanka. Baƙo baƙo ne ko da faɗa ya zo. Haka muka samu hanjin kaza sabo ba tare da mun roƙa ba. Madam ta iso bayan azahar da kwali a bayan babur, ta durƙusa har ƙasa.

“Inna, ina wuni? Ina gajiya? Ya haƙurin rashi?”

“Lahiya lau, ɗiyata. Haƙuri sai ma’aiki. Ke ce ke fama da wanga shaiɗani? Allah shi ba ki lada, ni na gaji.”

Sai da aka sha ruwa, aka tambayi mutanen Doso ɗaya bayan ɗaya kamar Kaka ta san su, sannan Madam ta ce tana da ɗan abin da take son Inna ta duba mata, don ita littafi ta sani, Inna kuwa ta san dabba. Kaka ta gane sarai, amma an bi ta ƙofa. Ta ce a yi, da sharaɗi: ta san ƴan lakwal da dabo, saboda haka sukarinta za a sa, ruwan randarta, madararta, kuma ba abin da zai bar gaban idonta. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, itacen dogon yaron da ke tsakar gida. Madam ta tsaga, ta wanke, ta kankare, ni na daka. Matan maƙwabta suka fara shigowa aron abubuwan da ba su bukata, wata ta zo aron rariya ta zauna da ita a cinya har aka gama. Madam za ta rubuta alama a kwalaben, Kaka ta ce ita ba ta karanta wannan tsutsar, ta ciro zare ta ɗaura da hannunta: baƙi ga hanjin zakara da sukari, fari ga hanjin ɗan rago da sukari, ja ga hanjin ɗan rago da madara zalla.

Da aka zo maganar ɗumi na buɗe hammata kamar ma’aikacin da ya san aikinsa.

“Wa? Wanga? In ba shi ajiya? Kawo nan.”

Haka Kaka Hassu, wadda limamin unguwa ke sauka daga keke ya gaishe ta, ta zauna a tsakar gida da kwalba biyu a hammatar dama, guda a ta hagu, ta ƙame kamar sojan da ke gadin ofishin prefe, shugaban gundumarmu. Ƙuda ya sauka a hancinta ba halin kora, sai hura masa iska take yi. Na ce in taimaka in yi mata fifita, ta ce in na matso za ta ƙyanƙyashe a kaina. Maƙwabciyarmu Ta-Allah ta tambayi Madam ko mutum ma yana da wuƙaƙen nan. Madam ta ce yana da su, sai dai ba a iya yanka mutum a duba.

“Don mi? Ga wanga nan zaune ba shi da aiki. A yanka a duba, in an ga wuƙa a ba ni, dama tawa ta dakushe.”

Aka yi dariya har da Madam. A gefe Auta tana kwance a kan buhu, numfashinta kaɗai ke nuna tana nan. Kwanon ruwan sukarinta na ajiye kusa da ita, Kaka ta ce a dakata da shi sai an ga ƙarshen dabon.

Da la’asar ta kusa Madam ta ce ya isa. Aka jawo murhun shayin Baba. Ta ɗiga ruwan bula a kwalba mai baƙin zare, ta riƙe da matsefin itace a kan gawayi. Shuɗin ya yi kore, ya yi ɗorawa, ya juye ja, jan ya kwanta a gindi. Matan suka yi salati. Madam ta ce wannan ita ce shaidar an yanka sukari. Ta ɗauki mai farin zare ta yi mata daidai yadda ta yi wa ta farko. Ta tafasa. Ta ci gaba da tafasa. Kaka ta ce a ƙara wuta, na hura har idona ya yi ja. Kwalbar ta tsaya shuɗiya kamar an rina ta a marina.

“Ai dole,” in ji Kaka. “Hanjin mara lahiya ne, ya mutu tun da rai. Mi zai yanka?”

Madam ta ce tambayar ta yi daidai, don ita aka yi kwalba ta uku. Ruwan bula ba ya raba gardama a kan madara, saboda haka ta ciro wasu ƴan takardu sirara, irin waɗanda ake gwada fitsarin masu ciwon sukari da su, waɗanda ba sa sake launi sai sun taɓa sukarin da aka riga aka yanka. Ta ba Kaka guda ta tsoma a sauran madarar da ke kwano. Ba abin da ya faru. Ta ba ta wata ta tsoma a kwalba mai jan zare. Kan takardar ya fara duhu a hannun Kaka tana kallo.

“Hanjin yana aiki, Inna. Nono yake yankawa, don shi aka yi shi. Sukari ne bai sani ba.”

Mai rariya ta tashi ta fita ba sallama, sauran suka bi ta ɗaya ɗaya. Kaka ta ajiye takardar a kan tabarma, ta ɗauki kwalbar shuɗiya ta ɗaga ta a rana, ta juya ta, ta ajiye. Na shirya maganganu tun safe waɗanda zan yi mata in na ci, har da waƙa, amma ba ko guda da ta fito. Da Kaka ta buɗe baki ba maganar tumaki ta yi ba.

“Ɗiyan mutane hwa? Shekara da shekaru ina ɗura musu abin ga.”

“Su hanjinsu irin na zakaran nan ne, Inna, suna da wuƙar. Abin da aka koya miki daidai ne, kada ki bari ko sau ɗaya. Ba ki ga suna tashi ba?”

“Suna tashi.”

“To. Ɗan mutum daban, ɗan tunkiya daban.”

Kaka ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon da ke gefen Auta ta kife shi a gindin bedi. Sannan ta dube ni.

“Hamisu, tahi gidan Ta-Allah ka ce ina roƙon aron akuyarta mai shayarwa.”

Tun da na yi wayo Kaka ba ta taɓa kirana Hamisu ba. Mijin banza nake, ko angon da ba sadaki, ko shaiɗani in da baƙi. Na tsaya ina jiran ƙarashen zagin, bai zo ba. Ta sa aka zuba wa Madam naman zakara a kwano mai murfi, ta raka ta har ƙofar gida, ta yi mata godiya yadda ake yi. Kuka dai ba ta yi ba, ko a lokacin ko bayan nan, duk wanda ya ce ta yi to bai kasance a wurin ba.

Akuyar Ta-Allah ba ta yi murna da sabon aikinta ba. Ni ke riƙe ƙaho, Baba ya riƙe ƙafafun baya, Kaka ta tallafo Auta ta sa mata nonon a baki, akuyar tana kururuwar da ake ji har tashar motocin Yamai. Safe, rana da yamma haka muke yi, tsakani kuma ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri. Na sha harbi a ƙirji da ya isa a ba ni lambar yabo. Zawon ya ragu, ya tsaya. Wata safiya Auta ta miƙe da ƙafafunta ta bi akuyar da kanta, akuyar ta gaji da gardama ta ƙyale ta.

Duk tsawon wannan lokacin muna aiki kafaɗa da kafaɗa da Kaka, amma Hamisu nake. Hamisu riƙe nan, Hamisu kawo ruwa, sannu Hamisu. Na yi duk abin da na sani don ta zage ni. Na ɓoye mata goro, na ɗaura ɗankwalinta na yi tafiyarta a tsakar gida, na ce zan ƙaro mata abokiyar zama ƴar Yamai mai jan baki. Sai ta ce, “Allah shi shirya,” ta ci gaba da abin da take yi. Baba bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ya dai riƙa dubana in ta kira sunan. Fatar ɗan ragon kuwa Kaka ta sa an jeme ta, tana ƙarƙashin matashinta. Sai da damina ta sauka aka yi shuka, ranar da na fasa mata tulu, sannan ta ce mini mijin banza, shi ma a hankali, kamar tana gwada ko kalmar tana nan. Yaran unguwa kuwa ba ta fasa haɗa musu ruwansu ba.

Auta ta rayu, amma ba ta girma ba. Tana nan kamar rabin tunkiya, tana bin awaki, tana hawa katanga tare da su. Damina biyu ke nan ana kai ta wurin rago ba ta ɗauka ba. Likitan dabbobi ya duba ta ya ce wahalar farko ta taɓa ta, kada mu sa rai. Baba ya ce zai sayo wata mace a kasuwa a haɗa su, Kaka ta ce a bar mata abinta haka. Ita ce ta ƙarshe.